Rabon Wuta

Ga Allah muka fito, gare Shi kowa zai koma. Kawu, yayan mahaifiyata, maƙerin farin ƙarfe na unguwarmu a nan Agadas, ya amsa kiran Ubangijinsa ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Na ɗauki alƙalami da niyyar rubuta baƙin ciki, amma duk abin da na tuno game da mutumin nan sai in ji jikina ya ɗauki zumuɗi. Mai karatu ya yi mini uzuri, haka Kawu yake sa mutane tun yana raye.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Shoferorin kamyo sun jera manyan motocinsu na kaya tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa, wasu daga hanyar Damagaram suka fito, ko shayi ba su tsaya sha a Adarbisanat ba da suka ji labari. Buzaye sun durƙusar da raƙuma a bayan zaure. Kowa ya ce "ya haƙuri", ya shafa fatiha, sai ka ga ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu yana cewa, "Shi ya yi mini wanga." Wani shofer ya nuna murfin tagulla na tankin motarsa. Wata tsohuwa ta zo da butar da Kawu ya sake wa baki har sau uku, ta ƙi ajiye ta ƙasa. Hira ta yi zafi har liman ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, gidan rasuwa ne fa." Kowa ya mai da abinsa aljihu. Sai ga shi shi ma ya laluba ya ciro makullin akwatin littattafansa yana nuna wa na kusa da shi. A cikin gida kuwa Inna, mahaifiyata, tana kuka tana dariya, mata suna ba ta haƙuri suna ƙara mata labari.

Mutum ɗaya ne a kan tabarmar nan bai ciro komai ba, shi ne Baba, mahaifina. Yana zaune a gefena yana amsa gaisuwa, kansa a ƙasa. Shekara shida ke nan rabon da ya taka zauren, kuma ni ne dalili. Na bar karatun boko na lakwal na shiga maƙerar Kawu, Baba bai taɓa cewa ya yarda ba, ni kuwa babu abin da nake nema a duniya kamar wannan yardar.

Bari in fara da Kawu kansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa ta hagu babu gashi tun wata wuta da ta lashe ta yana saurayi. Bai iya gaisawa da mutum ba sai ya juya hannunsa ya duba zobensa. In aikin kirki ne ya ce, "Wa ya yi? A gaishe mini da shi." In na banza ne sai ya saki hannun a hankali, ya yi shiru kamar an faɗa masa mai zoben ba shi da lafiya. Ƙarfe kuma da kunne yake gane shi. Wani baƙo ya taɓa kawo masa munduwa wai azurfa ce tsantsa. Kawu ya sake ta kan uwar maƙera, ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Wagga ta sha dalma har ta ƙoshi." Baƙon ya yi ta rantsuwa, Kawu ya ba shi shayi.

Matan da mazansu suka mutu sun san wata dabararsa. In suka kawo kwano ko buta da ta huje, yana gamawa sai ya miƙa ya ce, "Sabuwar dalma nika gwadawa, ke kinka taimake ni. In ta zube ki dawo ki yi mini faɗa." Shekara da shekaru yana gwada dalmar nan, ba ta taɓa daina zama sabuwa ba.

Aikin da ya gada shi ne azurfar mata, da kwalliyar sirdin raƙumi, da makullai. Da ƙasa ta samu 'yancin kai motoci suka yawaita, Turawan da ke gyara su kuma suka yi ta tattara kayansu. Shoferori suka fara yawo da karyayyun ƙarafa a tsumma suna neman mai taimako. Wasu maƙeran suka ce wannan ba aikin kakanninsu ba ne. Kawu kuwa in ya ga an kwance tsumma a gabansa, idonsa har ƙyalli yake yi. Ya juya abin, ya shinshina, ya tambayi shofer inda ƙarfen yake zama a cikin mota da abin da yake taɓawa, har shofer ya gaji da amsa.

Ni a lokacin ba na cikin wannan duniyar. Baba bafatake ne, goro da yadi yake kawowa daga kudu. Ya auri 'yar maƙera dangi suna ta surutu, ina jin tun ranar ya ƙudura a ransa cewa ɗansa sai ya fi ƙarfin surutun. Ya sa ni lakwal, ya tura ni kolej a Damagaram. Shekara biyu bayan an ɗaga tutar ƙasarmu na dawo gida hutu da takardar birebe ta gama kolej, da wata takarda kuma mai cewa an ba ni wuri a lise, babbar sakandare, a Yamai, daga can in na yi ƙoƙari sai jami'a a Dakar ko Abijan. A zamanin duk wanda ya iya Faransanci tebur na jiransa a biro, wato ofis, kowane uba kuma mafarkinsa ke nan. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Duk wanda ya zo sayen goro sai ya buɗe masa ita, alhali daga mai nunawa har mai kallo babu wanda ya iya karanta harafi ɗaya a ciki. Sunana ma ya ɓace a bakinsa, na koma "mai birebe". Ni ma, gaskiya, kaina ya kumbura.

A cikin hutun nan ne injin niƙan Baba ya tsaya. Shi ne na farko a ɓangarenmu na gari, mata sun fara mantawa da nauyin taɓarya. Wani faifan gaci mai haƙora, faɗinsa kamar tafin hannu, shi ya tsage biyu. Aka aika Yamai, amsa ta dawo cewa sai an kawo daga Faransa, a jira wata huɗu. Inna ta ce a kai wa yayanta mana. Baba ya yi tsaki, amma da ya leƙa ya ga layin ƙoren hatsi a ƙofar gida, ya ɗaure gutsattsarin a tsumma ya ba ni.

Yadda Kawu yake zubi shi ne, ya siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki, ya bar ƙaramar kafa. In ya bushe a gasa shi, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun. Ina ganin ya ɗauki kaki zai fara da ido kawai, sai na ciro ma'aunin ƙarfe mai lambobi da mushenmu, malamin lissafi, ya ba ni kyauta.

Na ce, "Kawu, ku bari in auna. Wannan ba zoben amarya ba ne, injin Turawa ne, da milimita yake aiki."

Ya dube ni, ya dubi ma'aunin, ya tura mini kakin. Ya ce, "To, Mushe, auna."

Kwana uku na yi a kan kakin nan. Kowane haƙori na auna shi ya fi sau goma, har na kakin ya zama daidai da na gacin, ko gashi bai bambanta ba. Kawu yana gefe yana gyaran makulli yana 'yar waƙarsa ta hanci. Ranar zubi ya bar ni na riƙe awartaki da kaina. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin gacin nan yana gangarowa ja wur cikin kafa ba. Da aka fasa yumɓu faifai ya fito sumul. Na goge shi, na ɗauka na nufi gida, rabin unguwa na bina.

Ya ƙi shiga. Ramin tsakiya ya yi wa sandar injin kaɗan, haƙoran kuma ba su kai ga na ɗan'uwansa da ke cikin injin ba. Na buga, na juya, na shafa mai, a banza. Mata suka fara ɗaukar ƙorensu ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ashe birebe ba ya niƙa." Kunyar da na ji ranar har yau in na tuna sai kunnuwana su yi zafi.

Na koma maƙera na sake aunawa, na ga faifan ya ragu ta kowane gefe. Na ce, "Kawu, kun san haka za ta faru?"

"Tun ranar hwarko."

"To me ya hana ku faɗa mini?"

"Da na hwaɗa maka, da ka ce tsoho bai san milimita ba." Ya ajiye makullin da ke hannunsa. "Wuta ba ta aiki kyauta, Mushe. Ƙarhe in shina hucewa takurewa shika yi. Duk abin da za ka ba wuta, sai ka ƙara mata rabonta tun a kaki."

Muka sake sabon kaki. Wannan karon ya bi haƙoran da babban yatsansa yana ƙara musu kauri kaɗan kaɗan, ya ɗan buɗa ramin tsakiya, ya ɗaga ya duba a hasken ƙofa, ya ce ya yi. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na auna kakin kafin a rufe shi da yumɓu. Na roƙe shi muka zuba wasu 'yan sanduna uku tare da faifan, gajere da matsakaici da dogo, su ma na auna su. Da suka huce na sake aunawa, na zauna da kaye, littafin rubutuna, da fensir a bakin zaure. Sai ga shi ragin da wuta take yi ba na ganganci ba ne, gwargwadon tsawon abu take cire rabonta, ko da yaushe kashi iri ɗaya. Abin da yatsan Kawu ya ƙara kuma daidai yake da abin da lissafi ya ce a ƙara.

Na shiga da gudu ina nuna masa lambobi. Ya sa na maimaita sau biyu. Sai ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi in yana aiki, ya ɗaga babban yatsansa yana kallo.

Ya ce, "Kana nuhin wanga yatsa shina cikin littahinku?"

Na ce yana ciki.

"To tsaya. Ni yatsana bai san abin da ya wuce tahin hannu ba. Da wanga lissahi naka, ko abu ya kai kamu guda muna iya zuba shi?"

Na ce ko ya fi haka.

Mutumin nan mai shekara sittin ya fita ƙofar zaure ba takalmi yana kiran maƙwabta su zo su gani. Mai shayi ya zo, mai ɗinkin takalma ya zo, babu wanda ya gane abin da ake murna a kai, amma duk suka taya shi.

Washegari faifai ya zauna a kan sandarsa kamar a can aka haife shi. Aka ja igiya, injin ya yi tari sau biyu ya kama, gari ya fara zubowa fari fat. Guɗar da matan nan suka yi har kasuwa an ji ta. Wadda ta yi mini gori rannan ita ta fara shafa mini gari a goshi. Ina tsaye cikin ƙarar nan na san abin da nake so in yi da rayuwata, kuma na san ba a Yamai yake ba.

Mutane suna cewa Kawu ne ya janye ni. Ba haka ba ne, kora ta ya yi har sau uku. Ya ce shi ba ya satar ɗiyan mutane, ya ce ƙasa sabuwa tana son lokotoro na asibiti da alƙali, in tafi in zama ɗaya. Da ya ga na kafe sai ya ce, "To tahi ka hwaɗa ma ubanka da bakinka, da rana tsaka, kada ka aika uwarka."

Na samu Baba a rumfarsa. Na durƙusa na faɗa masa. Ya amsa yana jera goro a kan ganye.

"Shekara goma ina ɗaga ka daga ƙasa, kai kuma toka kake so ka zauna a ciki?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Masu rubuta takarda a kawo kaya daga Faransa sun yi yawa, mai yin kayan ne babu. Karatuna ba zai zube ba, da shi zan yi aikin."

Ya ce, "Ban tsine maka ba. Amma kada ka zauna jiran ranar da zan ce na yarda."

Da la'asar ya tafi zauren Kawu, ya tsaya daga ƙofa ya ce, "Ƙarfe na aiko maka, ban aiko maka ɗa ba." Kawu ya ce, "Alhaji, sau uku na kore shi. Ga shi nan, kai ma gwada." Baba ya ɗauka ba'a ce, ya juya ya tafi. Ni na san ba ba'a ba ce, amma a bakin Kawu gaskiya da ba'a murya ɗaya suke da ita, kuma wannan ya jawo masa faɗa da mutane ba sau ɗaya ba.

Shekara shidan da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, su ne kuma mafi ciwo. Muka gina babban murhu a bayan gida. Muka zuba wa famfon rijiya kayan ciki, muka zuba wa kamyo abin da ko sunansa ba mu sani ba sai mun tambaya. Kawu bai bar ni na ajiye karatu ba. Yakan sa shoferori su sayo littattafan aikin ƙarfe daga Yamai, in karanta in fassara masa, shi kuma ya yi ta gardama da littafin. "Wanda ya rubuta wanga bai taɓa ƙonewa ba," in ji shi, amma gobe sai ka ga ya gwada abin a ɓoye. Da ɗan baffana ya dawo daga Dakar da digirinsa, Kawu ya fi kowa rawar jiki, ya ƙera masa mariƙin alƙalami na azurfa. Bai taɓa raina mai takarda ba. Abin da ya ƙi shi ne a ce hanya ɗaya ce tak ta zama mutum.

Ciwon kuwa a gida yake. Baba yana amsa gaisuwata, muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma in baƙo ya tambaye shi me ɗansa yake yi, sai ya ce, "Yana da birebe," ya canza magana. Sau ɗaya na kai ƙara wurin Kawu, na ce Baba ya cika taurin kai. Ya nuna ni da magagari ya ce in na sake faɗin haka a maƙerarsa in nemi wata. Duk Sallah kuma shi yake fara zuwa gaishe da Baba, ko da daga ƙofa za a amsa masa.

Da ciwo ya kwantar da shi, maganarsa ta ƙarshe da ni a kan aiki ce. Ya tambaya ko yumɓun da muka rufe ya bushe, ya ce kada in yi gaggawar gasa shi. Da aka kai shi makwanci na dawo ina jin tsoro. Shi kaɗai ne babban da yake kirana maƙeri da dukan bakinsa, ga shi ya tafi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, wani shofer ya yi sallama. Daga Dirku ya fito, kwana da kwanaki yana cikin rairayi, bai ji komai ba. Motarsa ta mutu a bayan gari da lodin dabino da mutane a kai, har da mata da goyo. Yana riƙe da ƙullin tsumma. Ya dubi taron, ya ce, "Ina maƙeri?"

Liman ya faɗa masa. Shofer ya zauna a inda yake tsaye, ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo. Can ya ɗaga kai ya ce a hankali, "To yanzu wa za ni kai ma wanga?"

Kowa ya san amsar, amma kowa ya san wanda ke zaune a gefena, sai aka yi ta kallon tabarma. Ni ma ban motsa ba.

Baba ya miƙa hannu ya ce, "Kawo nan." Ya kwance tsumman, ya juya karyayyen ƙarfen sau biyu, sannan ya ɗora shi a kan cinyata. Ya yi magana da muryar da yake ciniki da ita, wadda ake ji har ƙarshen rumfa.

"Ga maƙeri nan. Ɗana ne. Shi da marigayi suka yi faifan injina, shekara shida ke nan bai tsaya ba." Ya juyo wajena, bai dai kalli idona ba. "Tashi, mutane na cikin rana. Allah shi yi ma aikinka albarka."

Na tashi. Na ratsa taron, na buɗe maƙera, na zuba gawayi, na juya da sauri in faɗa wa Kawu abin da Baba ya ce. Buzunsa na nan shimfiɗe a gaban uwar maƙera, babu kowa a kai. A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta, sannan na hura wuta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya kai masa wannan labari inda yake.